Jan Ƙaramar Tirela Zuwa Gobir: Kundin Mako Guda

Asabar

Tirelar da muka aro ta iso Sakkwato, ƙarama mai ƙafa biyu. Za ta ɗauki tantuna, janareta, tankin ruwa da buhunan gero zuwa ga 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, suka fake a cikin garin Sabon Birni da Isa. Hilux ɗin Kawu ce za ta ja ta. Kawu ya ce, "Ɗana, kada ka yi mini gaggawa. Hanyar nan ba a tsayawa gyara a kanta."

Lahadi

Wani mai walda ya ce a liƙa ƙugiya a jikin bamba, aiki ya ƙare. Makanikenmu ya ƙi. Bamba ba ta ɗaukar ja, kuma walda a kan ƙarfe marar kauri tana tsagewa idan gargada ta yi yawa. Ya ɗaure ƙarfen ja a jikin shasi da manyan notuna masu ƙarfi. Ƙwallon da ke kansa milimita 50 ne, bakin tirelar ma haka. Idan suka saɓa ko kaɗan, rami ɗaya ya isa ya raba su.

Litinin

Yau lissafin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tanki mai lita 1,000 tan guda ne, kafin a sa gero. Tirela marar birkin kanta bai kamata ta wuce kilo 750 ba, har da nauyin jikinta. Tamu ba ta da birki. Muka yanke shawarar tankin ya tafi ba ruwa, a cika shi can. Geron ya koma bayan mota. Janareta muka ajiye gaban ƙafafun tirelar kaɗan, yadda kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin zai sauka kan ƙwallon. Kaya idan suka rinjayi baya, tirela ta dinga kaɗa wutsiya har ta fizge motar daga hannun direba.

Talata

Sarƙoƙi biyu, an gicciya su ƙarƙashin bakin tirelar, don idan ya kuɓuce ya faɗa kansu, kada ya soki ƙasa. Mai wayarin ya haɗa wutar birki da sigina. An wanke boris, an cika shi da giris. Mai faci ya auna iska, ya nuna mini tsagewa a gefen taya ɗaya, muka canza ta. Safaya biyu, jek, jarkar ruwan lagireto.

Laraba

Gwaji a bayan gari, da kaya a kai. Birki ya ƙara nisa sosai, kwana na neman fili. A komawa baya, tirela na bin kishiyar inda ka karya sitiyari. Makanike ya ce, "Idan ta fara rawa, Malam, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari daram. Kada ka daki birki."

Alhamis

Sai da hantsi ya dubi ludayi muka tashi, mutane sun fara zirga-zirga. A Goronyo muka tsaya cikin gari, muka sake ɗaure notunan taya, na taɓa boris, ba zafi. Daga nan tafiya a hankali, ba tsayawa. Duk ɗan yankin nan yana tuna matafiyan da aka ƙone cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021. Shi ya sa nake ganin kowane noti da muka ɗaure amana ce ta rayuka. Kafin la'asar muna Sabon Birni. Alhamdu lillahi.

Juma'a

An kafa tanti, an cika tanki. Bayan saukowa daga masallaci dattawa suka ce a bar Isa sai da safe, a bi ayarin motoci. Mun bi shawararsu. Ragowar kayan ya yi sauƙi, dole a sake jera shi don nauyin ya dawo gaba. Na kira samari biyu na nuna musu sarƙa, noti da wuta, domin su ne za su riƙa jan tirelar nan bayan mun koma.