Bayan Sallama Daga Shika: Wa Zai Juya Baba da Tsakar Dare?

Ranar da ta fi kowace wuya a jinyar tsoho, a ganina, ita ce ranar sallama. Muddin yana kwance a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kowa ya san aikinsa: likita na zagaye da safe, nas na ba da magani, 'ya'ya na kai-komo da kwanukan abinci da takardun gwaji. Da zarar likita ya ce sun yi nasu, a kai shi gida a ci gaba da kula da shi, sai murna ta danne tambayar da ya kamata a fara yi. Mutumin da ake turowa a keke zuwa bakin mota ya sha bamban da wanda aka sani wata biyu da suka wuce. Ɓarin jikinsa ya shanye, ga robar fitsari, wani ma har da robar hanci da ake ba shi abinci ta ciki. An ceto ransa da ikon Allah, sai dai bai warke ba. Mu da muka manyanta mun ga yadda tsofaffi da yawa ke lalacewa a wannan tsakanin, kuma a hannun mutanen da ke matuƙar ƙaunarsu. Shi ya sa nake ganin duk wanda zai zaɓa wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa wurin jinya, a gida ne ko a asibiti, ya fara da tambayar ko hannun da zai riƙa taɓa majinyacin ya iya aikin. Kyan gini da sunan likita da abin da maƙwabta za su ce duk bayan wannan suke.

Aikin da ake magana ƙanana ne a ido, amma su ne ke raba mai tashi da mai tafiya. Wanda ba ya iya motsi da kansa yana buƙatar a juya shi kusan duk bayan awa biyu, dare da rana. In ba a yi ba, nauyin jikinsa zai hana jini zagayawa a inda ƙashi ya danne fata, wato ƙugu da kwatangwalo da duga-dugai, wurin ya yi ja, ya saluɓe, ya zama gyambon kwanciya da kan ci har ƙashi. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa haɗiya na yi masa wuya. 'Yarsa za ta dama kunu mai kyau ta ɗura masa yana kwance, ya ƙware, kunun ya bi hanyar iska, bayan kwana kaɗan zazzaɓi da ciwon huhu su taso, a ce ciwon ne ya dawo. Robar fitsari tana da lokacin canji da yadda ake tsabtace ta. Mai ciwon suga da ke kan allurar insulin, in ya ƙi cin abinci aka yi masa allurar yadda aka saba, sugansa na iya faɗuwa ya suma. Hannu da ƙafar da ba a motsa su kullum sukan sandare, ga shi kuma watannin farko bayan shanyewar jiki su ne lokacin da gashi da motsa gaɓoɓi suka fi amfani. Ƙara da zafin Maris da Afrilu, lokacin da tsohon da ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa yake bushewa a kwance. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙauna kaɗai ke koyarwa. Ilimi ne, kuma shekara uku ake yi a makarantar koyon aikin jinya, ko biyar a jami'a, kafin a mallake shi.

A Amurka akwai gidaje na musamman da ke tsakanin asibiti da gida don irin wannan majinyaci, har inshorar tsofaffi ta gwamnati, Medicare, takan taimaka da kuɗin zama zuwa kwana 100 ga wanda ya fara kwanciya a asibiti na aƙalla kwana uku. Mu a nan ba haka tsarinmu yake ba. Zariya gari ne mai arzikin asibitoci: ga na Shika da ya tare a mazauninsa na dindindin a 2005, ga na Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na tunawa da Manjo Ibrahim Abdullahi a Sabon Gari, ga na Wusasa tun zamanin mishan, ga asibitocin kuɗi daga PZ zuwa Samaru. Amma kusan dukkansu an tsara su ne don wanda za a yi wa magani a sallama, domin gadon na jiran wani. Saboda haka zaɓin da ke gaban iyali a zahiri uku ne: a roƙi ƙarin kwanaki a babban asibiti, ko a kama ɗaki a asibitin kuɗi, ko a koma gida a ɗauko ma'aikacin jinya yana zuwa. Kuma Samaru da Sabon Gari sun fi cikin birni jin nauyin wannan zaɓi. Sabon Gari ta taso ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, Samaru kuwa ta bunƙasa da jami'ar da aka buɗe a 1962. Yawancin dattawan da ke cikinsu aiki ne ya kawo su, danginsu na wani gari, 'ya'yan da suka ilimantar suna Kaduna da Abuja da Legas, wasu a ƙetare. Babban gidan gandu mai matan 'ya'ya da jikoki ashirin, wanda muke tunawa idan muna cewa mu ba ma kai iyayenmu ko'ina, da wuya ka same shi a gidan ɗan fansho a Hayin Dogo ko Palladan.

Na san abin da za a fara ce mini. Za a ce abin kunya ne mutum ya bar uwarsa a hannun bare, cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, kuma Allah ya yi umurni da kyautata wa iyaye musamman idan tsufa ya riske su. Umurnin gaskiya ne, babu mai ja. Haka kuma ƙyamar da muke yi wa gidan gajiyayyu tana da tushe, domin wanda ake kai wa can shi ne wanda ba shi da kowa. To amma a duba abin da ya faru a Madina a shekara ta 5 bayan Hijira. Da aka harbi Sa'ad ɗan Mu'azu, shugaban Ausu, a yaƙin Khandaƙ, yana da gida, yana da dangi masu ƙarfi, amma Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwantar da shi a tantin Rufaida da ke masallaci, matar da ta shahara da jinyar masu rauni, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Abu biyu ke cikin wannan: an kai shi wurin wadda ta iya, kuma an ajiye shi inda za a riƙa ganinsa. Biyayya ba ta wajabta wa ɗa ya canza robar fitsari da hannunsa alhali bai iya ba. Ta wajabta masa ya tabbatar an canza ta daidai, ya biya, ya kuma kasance a wurin.

Akwai ma wata gaskiya da ba mu cika faɗa ba, wato kunyar da muke taƙama da ita takan zama sanadin ɓoye ciwo. Dattijon da ya yi shekara hamsin ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ta yaya zai bari wannan ɗan ya yi masa tsarki? Matar ɗa ba za ta buɗe bayan surukinta ta duba fatarsa ba. Tsohuwa za ta kwana cikin jiƙa ta yi shiru don kada ta tashi surukarta. Haka gyambo ke girma a ƙarƙashin zane mai tsabta, sai wari ya tona shi. Sau da yawa ma'aikacin jinya namiji ga namiji, mace ga mace, ya fi wa tsoho sauƙi, don babu alkunya a tsakaninsu. Sannan idan muka ce "muna jinyarsa a gida", ya kamata mu tambayi kanmu su wane ne "mu". Galibi mace ɗaya ce, matar ɗa ko 'yar da aurenta ya mutu, ko jikar da aka dakatar da karatunta. Maza su leƙo bayan isha'i su ce sannu Baba, ya jiki, su ajiye kuɗin magani su tafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wadda ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba, komai imaninta, wata rana za ta makara.

Wannan ba ya nufin duk wanda ya sa farar riga ya iya. A nan ne ma aka fi yaudarar iyalai. Hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa ita ke ba da lasisi, kuma ba ta san da waɗanda ake koya wa allura a cikin asibitocin kuɗi a riƙa kiran su nas ba. A farkon 2024 magatakardan hukumar ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Idan ƙwararru suka yi ƙaranci haka, 'yan koyo ne ke cike gurbin, musamman a aikin dare. Don haka kafin a biya kuɗin ɗaki, a je wurin sau biyu, ɗaya da rana, ɗaya bayan ƙarfe goma na dare ba tare da sanarwa ba, gani ya kori ji. A tambaya kai tsaye: nas nawa ne masu lasisi ke kwana, gado nawa ke kansu, kuma likita yana cikin asibitin ne ko sai an kira shi a waya? A nemi ganin takardar da ake rubuta lokacin juya majinyaci da awon jini da na suga, domin inda ba a rubutawa, da wuya ana yi. Hanci ma shaida ne, zarnin da ya zauna a ɗaki ba na yau ba ne. A tambayi abin da ke faruwa idan an ɗauke wuta alhali majinyaci na kan na'urar iskar numfashi, da motar da za ta kai shi Shika idan jiki ya rikice da asuba. Wurin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. Wanda za a ɗauko zuwa gida ma haka, a ga lasisinsa, a san asibitin da yake aiki, kada a wadatu da cewa mai kemis na layinmu yana da kirki.

Wani zai ce, to ai gidajen jinyar na Turawa ma da ake yabo, a cikinsu ne annobar korona ta yi wa tsofaffi kisan kiyashi a 2020. Haka ne, kuma darasin da ke ciki namu ne. An sha ganin cewa inda ma'aikata suka yi kaɗan, idon dangi kuma ya ɗauke, kulawa takan ja baya. Shi ya sa bayan ƙwarewa, kusanci ne abu na biyu. Asibiti matsakaici a Sabon Gari da 'ya'ya za su iya leƙawa safe da yamma, su ba Inna abinci da hannunsu, su taimaka mata ta yi taimama ta fuskanci alƙibla, ya fi mai ƙyalli a Abuja da sai ƙarshen wata za a je, matuƙar dai na kusan ya cika sharaɗin farko. Zumunta a ƙafa take, kuma majinyacin da ake yawan dubawa shi ma'aikata suka fi kiyayewa, wannan halin ɗan Adam ne a ko'ina.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce hujja mafi ƙarfi a kaina, ba zan kuma raina ta ba. Ɗan fanshon da ke jiran haƙƙinsa ba ya iya biyan ɗaki na wata uku. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta ambaci tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa, Jihar Kaduna na da hukumarta ta KADCHMA, an kuma kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa bisa dokar da aka sa wa hannu a 2018. Duk da haka, doguwar jinya har yanzu daga aljihun iyali take fita. Amma a yi lissafin da kyau. Kuɗin nas mai zuwa sau biyu ko uku a mako, tana duba fata, tana canza roba, tana gyara wa masu jinya kuskure, bai kai na wankin gyambo mai zurfi da komawa gadon asibiti ba. Kuma akwai abin da ba ya cin ko kwabo: kafin a karɓi takardar sallama, mutum biyu ko uku daga gidan, har da maza, su tsaya a gaban nas ta nuna musu yadda ake juyawa, da zaunar da majinyaci kafin a ba shi abinci, da alamomin da in an gani sai a dawo da gudu. Su gwada a gabanta har ta gamsu. A kuma karɓi ranar zuwa sashen gashi, a raba kwanan dare tsakanin 'ya'ya, na nesa su ɗauki nauyin kuɗi a kan ƙa'ida, ba sai an yi ta kira ba.

Ga masu hali da kwamitocin zakka da wakafi na Samaru da Sabon Gari, da majami'un da ke cikinsu, ina kira da a duba wannan giɓi. Garin da ke yaye ma'aikatan jinya duk shekara, yake kuma da waɗanda suka yi ritaya da ƙarfinsu, bai kamata ya rasa ɗan ƙaramin gidan jinya mai gado ashirin ba, ɓangaren maza daban, na mata daban, inda wanda aka sallamo daga Shika zai yi makonni yana samun ƙwararrun hannu, iyalinsa kuma na koyo kafin a koma da shi gida. Kafin a samu wannan, kai da mahaifinka ke kwance yau, kada ka sa hannu a takardar sallama sai ka san sunan wanda zai juya shi da ƙarfe biyun dare, ka kuma tabbatar an koya masa.