Allon direkta da gwangwanin madara



A shirinmu na satin da ya wuce munka taɓo maganar tarbiyya a lakwal, kuma wallahi waya ba ta huta ba. Wani dattijo ya kira daga wajen Tibiri ya ce: "Ɗana, maganar ba ta da tsawo, a maido da bulala kawai." Wata uwa daga unguwar Zariya ta ce ɗanta na kawo 18 bisa 20 a conduite kowane zango, amma ko gaisuwar safe sai ta roƙe shi. Wani mushe kuma ya ce su fa an ɗauke su aikin koyar da lissafi ne, tarbiyya a gida ake yinta. Lokaci ya ƙare ba mu samu damar faɗin namu labarin ba. Ga shi nan yau a rubuce, tun da ya daɗe yana damunmu.

Muna 4e a wani CEG na cikin garin Maraɗi anka kawo mana sabon direkta. Ba za mu faɗi sunanshi ba, ba kuma za mu faɗi sunan makarantar ba, waɗanda munka zauna kalas ɗaya da su sun san wanda muke nufi. Kafin zuwanshi, direkta a wurinmu mutum ne da ba ka ganinshi sai ranar da ka shiga uku. Wanda munka sani shi ne surbeyan, tsaye bakin ƙofa da guntun tiyo a hannu, ƙarfe takwas na bugawa ya ja ƙyaure. Ranar Litinin a ɗaga tuta, mu rera La Nigérienne, taken ƙasa na wancan lokaci kafin a canza shi a 2023, a yi mana jawabi da Faransanci wanda rabinmu ba ma ji saboda hayaniya, kowa ya wuce kalas. Ita ke nan tarbiyyar.

Wata guda da zuwanshi, sai ya sa anka shafe wani yanki na bangon ofishinshi da baƙin fenti, ya zama allo. Ya sa planto ya kafa wani tsohon gwangwanin madara a ƙasan allon, an huda murfin, an sa ɗan kwaɗo. Duk ranar Litinin kafin mu iso, mun tarar ya rubuta layi biyar ko shida da hannunshi, Faransanci a sama, Hausa a ƙasa. Hausar nan ita ta fara tsayar da mu. Mu da a firamare anka rataya mana "symbole" a wuya saboda mun yi Hausa a farfajiyar lakwal, yau ga direkta da kanshi yana rubuta ta da alli. A ƙarshen kowane rubutu yakan sa: "Wanda ke da amsa ya jefa a gwangwani. Ba dole ya sa suna ba."

Kun san halin ƴan lakwal. Satin farko abin da ya samu a ciki zagi ne, da wasiƙun soyayya da anka rubuta da sunan wasu, da ɓawon gyaɗa. Mun zaci zai ɓalle gwangwanin. Litinin ta biyu munka tarar ya rubuta: "Ɗiyana, na samu takardunku. Yawanci zagi ne, na karanta duka. Wanda ya zana ni da kunnuwan jaki ya iya zane ƙwarai. Bangon 6e na bukatar taswirar Nijar. Ya zo ya karɓi fenti, ba zan tambaye shi komi ba." Bayan kwana biyu yaron ya je. Taswirar nan ta daɗe a bangon, da kogin Kwara da tafkin Cadi da duwatsun Ayar, har munka bar makarantar tana nan.

Abin ya fara zama da gaske ne ranar da ya yi rubutu kan makara. Ya ce wanda ba ya girmama lokaci ba ya girmama mutane. Sai wata yarinya, har yau ba mu san ko wace ce ba, ta jefa mashi amsa. Litinin mai zuwa ya tsaya gaban tuta ya karanta ta da ƙarfi, bai cire ko kalma ba. Ta ce: "Mushe direkta, ni ina tashi tun kiran salla na fari. In ɗebo ruwa, in yi surfe, in kai ƙanena firamare, sannan in taho da ƙafa. In na makara minti goma a dake ni. Mushenmu na ƙarfe takwas sai tara yake zuwa, wani lokaci bai zuwa sam. Shi wa ke dukanshi?"

Wurin ya yi tsit. Mushen da ake nufi yana tsaye nan. Direkta ya naɗe takardar ya ce: "Ta faɗi gaskiya, kuma ni ma na makara sau biyu a watan nan." Daga ranar ya ajiye littafi a bakin ƙofa, kowa ya rubuta lokacin da ya shigo, ɗalibi da mushe da shi kanshi. Malamai ba su ji daɗi ba, wasu sun daina gaishe shi na ɗan lokaci. Bai kuma ɓoye mana ɗayan gefen ba. Ya rubuta a allo cewa da yawa cikin malamanmu ƴan kwantiragi ne, albashinsu na makara, wani sai ya yi wata sana'ar da dare kafin ya ciyar da gidanshi, don haka mu san da wannan kafin mu yi masu ihu. Ya kira taron uwaye mata a kan aikin safe na ƴan mata. Ba duka ne sunka zo ba, ba duka ne sunka yarda ba, amma tiyon bakin ƙofa ya ragu.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanmu.

Mu biyar ne abokai, muna da ƴar fadarmu ta shayi a ƙofar gidan ɗayanmu. Ana saura kwana uku kompozisiyo ta zango na biyu, sai ɗaya daga cikinmu ya tsinci takardar da anka buga tambayoyin lissafi da ita a cikin sharar bayan ofis. Tawada ta ɓata rabi, amma ana karantawa. Mun kwana biyu muna haddace amsoshi. Mu da ba mu taɓa wuce 9 ba a lissafi, sai ga 16, ga 17. Mushen lissafi ba yaro ba ne, ya gane an ga tambayoyin. Amma da yake wasu ma sun samu daga hannunmu, makin ya tashi a wurare da yawa, ba a san ta ina ruwan ya shigo ba.

Zargi sai ya faɗa kan wani ɗan kalas ɗinmu, ɗan ƙauye ne daga wajen Madarunfa, yana zaune gidan wani mai riƙo a cikin gari. Shi ke taya planto sharar ofis da yamma ana ba shi dala ashirin ko abin da ya samu. An ce shi kaɗai ke shiga wurin. Anka sa ranar Alhamis za a kai shi conseil de discipline, kuma kowa ya san ƙarshen zancen kora ce. Yaron da ba shi da uba a gari, ba shi da mai zuwa ya yi mashi magana, in an kore shi sai gona ko ya bi hanyar Jibiya neman kuɗi.

Litinin munka tarar da allon. Ba mu manta abin da ke kai ba: "Ranar Alhamis za a yanke wa ɗayanku hukunci. Zuciyata ba ta kwanta cewa shi ne ba. Akwai waɗanda sun san gaskiya. Ba zan yi maku ƙarya in ce babu hukunci a kanku ba, akwai. Kuna da kwana uku."

Daren nan shayi bai shawu ba. Ɗaya ya ce mu yi shiru, ai ba mu muka ce a zarge shi ba. Ɗaya ya ce babanshi zai kashe shi. Munka yi ta gardama har munka samu wata dabara da muke ganin ta raba gardama: mu rubuta takarda ba suna. Talata da sassafe munka jefa: "Mushe, ba shi ba ne. A shara anka tsince ta." Munka koma kalas muna jin mun yi abin kirki.

Laraba da safe, abin da bai taɓa yi ba, ya ƙara layi biyu a ƙasan rubutun Litinin: "Na karanta, na gode. Amma takarda marar suna ba ta iya tsayawa gaban conseil. Mutum ke tsayawa."

Wunin ranar yaron nan yana zaune a bencin gabanmu, bai ci komi ba lokacin hutu, yana ta juya bik a hannu. Da anka tashi, mu huɗu munka tsaya bakin ofis. Na biyar ɗinmu ya ce zai je ya dawo, bai dawo ba. Munka yi sallama, ƙafafu na rawa. Direkta ya ɗago kai ya ce: "Ku shigo ɗiyana, tun jiya nake jiranku." Bai tambaye mu ko akwai saura ba, mu ma ba mu faɗa ba.

Hukuncin bai yi sauƙi ba. Sifiri a lissafi, kwana uku a gida, conduite ta faɗo ƙasa warwas, kuma kowa ya zo da ubanshi. Ɗaya cikinmu sifirin nan ya ja mashi maimaita 4e. Babanmu, Allah ya jiƙanshi, ya bar rumfarshi ta kasuwa ya zo, ya saurara, bai ce uffan ba har munka kai gida. Muna jiran duka, sai ya ce: "Da ka bari anka kori ɗan mutane, da ko BEPC goma ka kawo mani ban karɓa. Je ka ci abinci." Washegari dai ya tashe mu da asuba munka share rumfa har kwana ukun sunka cika.

Yaron ba a kore shi ba. Ya samu BEPC shekarar da munka samu, yau yana koyarwa a wani ƙauye. In mun haɗu muna gaisawa, bai taɓa tada maganar ba. Na biyar ɗinmu ma muna gaisawa, muna zuwa sunan ɗiyanshi. Amma shekara kusan ashirin ke nan, duk sadda hira ta biyo ta kan CEG sai ya tashi ya ce zai amsa waya.

Mun daɗe muna tambayar kanmu mi ya kai mu ofishin nan. Bulala ba za ta kai mu ba, don mun saba da ita, mun san yadda ake cije baki a sha a wuce. Da surbeyan ne ya tsare mu da tiyo, da mun rantse da Allah ba mu san komi ba. Abin da ya kai mu shi ne mun riga mun ga mutumin nan ya tsaya gaban ɗalibai ɗaruruwa ya ce "ni ma na makara". Mun ga ya karanta takardar da ta soke shi bai nemi mai ita ba. Wata biyar yana yi mana magana kamar masu hankali, yana amsa mana. Ranar da ya nemi gaskiya a wurinmu, kunya ta hana mu hana shi. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Shi ya mayar da lakwal ɗin gida, shi ya sa kunyar ta yi aiki.

Kada mu yi maku ƙarya, ba kowa ne allon ya gyara ba. An ci gaba da faɗa a bayan makaranta, an ci gaba da satar amsa, in USN ta kira yajin karatu muna fita mu ma har da jifa. Bayan shekara uku anka canza mashi wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya mayar da allon wurin rubuta sunayen waɗanda ba su biya kuɗin tallafi ba, gwangwanin kuwa tsatsa ta cinye shi.

Ga dattijonmu na Tibiri: Baba, mun ji maganarka, kuma mun san zafin da ke cikinta. Amma mu da munka sha bulalar muna shaida maka ta koya mana ɓoye laifi fiye da barinshi. Ga uwarmu ta Zariya: 18 ɗin nan ta conduite sau da yawa ma'anarta kawai ba a kama yaro ba. Ga mushen da ya ce aikinshi lissafi ne: gaskiya ne gida ne tushe, amma yaro na wuni a gabanka yana kallon lokacin da kake shigowa da yadda kake kiran sunan ɗan talaka. Kana koyar da tarbiyya ko ka so ko ba ka so ba.

Mun san direktocin yau na fama da kalas mai ɗalibi tamanin ko ɗari, da rumfunan zana, da salula a aljihun yara, da ƙwaya da ta shigo fadodi. Ba mu ce layi biyar a allo zai magance wannan duka ba. Amma abin da wancan bawan Allah ya kashe bai wuce fenti, alli da gwangwani ba. Mai tsadar ita ce zuciyar da za ta buɗe gwangwanin ta karanta abin da bai yi mata daɗi ba, ta kuma amsa a gaban kowa. Ƴan COGES da ƙungiyar uwayen yara, in kun zauna taron farkon shekara a watan Oktoba, bayan maganar benci da kuɗin alli, ku tambayi direktanku ta wace hanya ɗalibi zai iya gaya mashi gaskiya ba tare da an kore shi ba.

In akwai wanda ya san wani direkta ko provizo da ke yin irin wannan a Tasawa, Mirya, Kwanni, Dogon Dutsi ko ina ne, ya kira mu a shiri mai zuwa, muna so mu ji. Shi kuma namu direktan, mun ji ya yi ritaya. In wannan rubutu ya kai gare shi: Mushe, mu ne huɗun nan na ranar Laraba. Allah ya saka da alheri.