Daga Katako Zuwa Duwatsun Shere A Kan Keken Gwanjo

Jos ba gari ba ne da mai keke zai yi kasala a cikinsa. Yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma da wuya ka yi tuƙin minti biyar ba ka haɗu da hawa ko gangara ba. A Kano, inda ƙasa take shimfiɗe, tsohon Raleigh ko Phoenix marar giya yakan ɗauki mutum da buhun masara su je su dawo lafiya. A nan kuwa irin wannan keken rabin tafiya turawa ake yi. Idan ka dubi gabas daga cikin gari da safe, kafin hazo ya rufe, za ka hango Duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829. Babu inda ya fi nan tsayi a duk Jihar Filato, kuma tsakaninsu da gari bai wuce kilomita 10 ba.

Mu huɗu ne a ɗaki, dukkanmu 'yan aji biyu a jami'a. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama shi ne ke cinye kuɗin abinci. (A Jos idan ka ce "keke", mai ƙafa uku za a tsayar maka, sai ka ƙara bayani kafin a gane mai feda kake nufi.) Muka yi karo-karo, abin da muka tara bai isa sayen cikakken keken hawan dutse ba, ko na gwanjo. Ya dai isa a sayi firam, wato gangar jikin keken, a riƙa haɗa sauran kayan kaɗan-kaɗan. Idan firam ɗin ya zama marar kyau, kuɗin mutum huɗu ya tafi ke nan, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.

Kasuwar Katako da ke Laranto ta yi suna da abu uku: katako, hatsi da kayan gwanjo. Ƙamshin sabon itace da aka yanka yana tarbarka tun daga bakin titi, can ciki kuma rigunan sanyi ne jibge, domin a Jos rigar sanyi ba ado ba ce. A wani lungu da ke kusa da kasuwar muka samu wani dattijo mai gyaran keke, wanda kowa ke kira Baba. A saman rumfarsa akwai firam rataye, ja da baƙi, babu taya, babu sirdi, babu sarƙa. Siffarsa kamar harafin Y da aka kwantar, kuma a tsakiyarsa akwai sifirin mai kauri. Irin wannan shi ne keke mai shokazoba gaba da baya.

An rubuta SHIMANO da manyan haruffa a jikinsa. Ku riƙe wannan, ƙannenmu, domin za ku gan shi a kasuwa: Shimano kamfanin Japan ne da aka kafa a 1921 a garin Sakai, giya da birki da kayan kamun kifi yake yi. Rubutun yana nufin giyar da aka ɗaura wa keken tasu ce, ba ya nufin su suka ƙera firam ɗin. Don haka ba mu dogara da fenti ba, muka bi ƙarfen da kansa.

Da farko Baba ya ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika ya manna a jikin firam ɗin, ya kama ƙam. Ƙarfe ne ke nan, ba alminiyom ba. Wannan yana nufin nauyi, amma yana nufin kowane mai walda a bakin titi zai iya gyara shi idan ya tsage, abin da ba a samu da alminiyom cikin sauƙi. Muka kifa shi, muka goge ƙasan gidan feda da kananzir, lambar da masana'anta ta buga ta fito. Muka rubuta ta a takarda, Baba ya sa hannu a ƙasa cewa shi ya sayar mana. Wanda ya sayi keken gwanjo ba tare da wannan ba, ranar da wani ya ce nasa ne aka sace, ba shi da bakin magana.

A ƙasan bututun sirdi akwai wata 'yar takarda da ta kusa gogewa, mai ɗauke da BS 6102. Wannan lambar ƙa'idar ingancin kekuna ce ta Birtaniya, wato a Ingila aka fara sayar da shi. Abin da ya fi ba mu daɗi shi ne shekarunsa. Abin canza giya na baya yana nan maƙale, kuma Shimano sukan buga ƙananan haruffa biyu a bayan kayansu: na farko shekara, na biyu wata. Sun fara da A a 1976, suka kai Z a 2001, suka sake komawa A a 2002. Namu ZC ne, wato Maris na 2001. Keken ya girmi kowa a ɗakinmu.

Wannan ya dace da tarihin siffarsa. Keken hawan dutse ya samo asali ne a yankin Marin na Kalifoniya a Amurka cikin shekarun 1970, inda matasa irin su Gary Fisher da Joe Breeze suke gangarowa daga duwatsu a kan tsofaffin kekuna masu faffaɗar taya. A 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin na farko da aka ƙera da yawa don kasuwa, a 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Siffar Y ta yi tashe ne bayan Trek sun fitar da nasu mai tsada a 1995. Daga nan masana'antu suka yi ta kwaikwayonta da ƙarfe mai arha, ana sayarwa a manyan kantunan Turai. Namu jikan waɗancan ne, daga ɓangaren talakawan dangi.

Saura tambaya mafi girma: lafiyarsa ƙalau? Baba ya ɗaura zare a inda tayar baya ke zama, ya zagayo da shi ta wuyan keken, ya dawo da shi ɗaya gefen. Ya auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama, suka zo daidai, alamar firam ɗin bai karkace ba. Muka bi duk inda aka yi walda da tocilan muna neman tsaga, musamman ƙarƙashin wuya da kewayen babban ƙusan da ya haɗa gaba da baya. Babu. Amma da ya riƙe gaban ya girgiza bayan, sai muka ji ƙwas-ƙwas.

"Kun ji wannan, yarana? Bushin ne ya cinye. Idan kuka hau haka, a gangara bayan zai riƙa yi muku rawa."

"To Baba, ana samunsa?"

"Ba a samu. Ana yi."

Dilimi muka nufa, unguwar kayan gyaran mota, inda wani mai injin ferar ƙarfe ya auna tsohon ya fere mana sabo da tagulla. Bai ɗauki awa ɗaya ba. A ganinmu wannan ɗan ƙarfen da bai kai babban yatsa ba shi ne rabin aikin duka.

Sauran haɗin awo ne, kuma a nan ne sanin firam yake cetar aljihu. Taya mai inci 26 yake ɗauka, za ku ga an rubuta 559 a gefenta. Faɗin wurin tayar gaba milimita 100, na baya 135, gidan feda 68. Da waɗannan lambobin a takarda muka riƙa zagaya rumfunan masu gyara, sati uku, yau wili, gobe sirdi. Boris sababbi muka sa ko'ina da giris mai yawa, domin suna da arha. Wayar birki da robar birki ma sababbi, nan ba wurin tsimi ba ne. Abu ɗaya da ke karya zuciyar sabon mai gyara: fedar hagu da murfin gidan feda na gefen sarƙa, zarensu a juye yake, ta hagu ake ɗaure su. An yi haka ne don kada juyawar feda ta riƙa kwance su. Da muka gama, muka ɗora shi a sikelin wani mai hatsi: kilo 18.

Ranar Asabar bayan asuba muka kama hanyar Lamingo, da namu da wasu kekuna uku na aro, kowa da hular kwano. Sanyin Disamba a Jos yana sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa a kan birki. Bayan madatsar ruwan Lamingo gidaje suka fara raguwa, duwatsu suka fara yawa, manyan curi-curi da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. A gindin duwatsun akwai cibiyar horar da shugabanci da zama ɗan ƙasa nagari, wadda aka fi sani da Man O' War, inda ake kai ɗalibai da ma'aikata su koyi hawan dutse da juriya. Wataƙila wasunku sun taɓa zuwa da makaranta. Akwai ma wasu duwatsu a can da ake kira Gog da Magog, wato Yajuju da Majuju.

Ƙasar Afizere ce, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa. Gonakinsu ƙanana ne a tsakanin duwatsu, an kewaye su da shingen kyarana, wadda ruwanta fari yake kamar madara kuma yana ƙona ido, don haka ba a jingina keke a jikinta. An riga an girbe acca, sai kututture. Duk wanda muka haɗu da shi mun sauka mun gaishe shi, mun tambayi hanyar da ba za ta bi ta cikin gonar wani ba. Wata mata mai ɗauke da itace ta dubi sifirin ɗin ta tambaya ko babur ne da aka cire wa inji.

A hawa keken ya nuna halinsa. Giyarsa 18 ce, faranti uku a gaba, shida a baya. A mafi sauƙi, haƙora 28 ne gaba 28 baya, feda ta juya sau ɗaya taya ta juya sau ɗaya, ka ci mita biyu da 'yan kai. A mafi nauyi, 48 da 14, juyi ɗaya yakan kai ka kusan mita 7. Giyar ba ta da laifi. Matsalar sifirin ce: duk taka feda sai keken ya ɗan durƙusa ya miƙe, wani kaso na ƙarfinka yana tafiya a wannan rawar maimakon ya tura ka gaba. An rubuta 750 a jikinsa, ma'ana sai an danna shi da nauyin laba 750, kusan kilo 340, kafin ya motsa inci ɗaya. To yaya yaro mai kilo 60 yake lanƙwasa shi? Ku tuna darasin liba a Fiziks. Bayan keken dogon hannu ne, sifirin yana kusa da mahaɗa, don haka ƙaramin nauyi a can nesa yakan zama babba a nan kusa. Masu tsada suna da mai a ciki da ke rage saurin dawowar sifirin. Namu babu, yadda ya shiga haka yake fitowa.

Abokinmu da ke kan aron keke marar shokazoba ya riga mu kaiwa kowane tudu, yana zaune yana cin gyaɗa kafin mu iso. Shi ya sa idan ɗayanku zai sayi keken zuwa makaranta da kuɗi kaɗan, mu dai marar sifirin a baya za mu ce ya nema. Ya fi sauƙin nauyi, kayan lalacewarsa kaɗan ne, kuma ana iya ɗaura masa kariya a ɗora jaka.

Ba a kai keke ƙololuwa. Inda hanya ta ƙare muka bar su wurin ɗayanmu, muka ƙarasa wani tudu da ƙafa. Daga can Jos tana kwance kamar an zubar da kwanon rufi a faranti, ga ruwan madatsa yana ƙyalli. Nesa ta kudu akwai tafkuna da jajayen tuddai da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, kuzar da ta tara Hausawa da Yarbawa da Ibo da sauransu har garin ya zama gari.

A gangara kuwa sai labari ya juya. Hanyar cike take da tsakuwa da ramukan da ruwan damina ya haƙa, kuma abin da ke girgiza haƙoran masu keken aro, namu haɗiye shi yake yi. Mun lura da wani abu: idan kana zaune a sirdi yana da laushi, da ka miƙe tsaye a kan feda sai ya yi tauri. Dalili shi ne a wannan ƙirar gidan feda yana manne da ɓangaren baya, don haka mai tsayuwa a kan abin da ke motsin yake tsaye. Dabarar ita ce ka sassauta gwiwa, ka ja jikinka baya, ka matsa birki biyu tare a hankali. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai zai wuce ta saman kan keken. Mun yi musaya a kowace kwana don kowa ya ɗana, har gardama ta tashi a kan wanda ya yi zagaye biyu.

Da muka sauko kwalta muka tsaya muka girgiza bayan keken, shiru, bushin ɗin Dilimi ya riƙe. Noti ɗaya ne na shokazoba ya ɗan saki, sufana mai lamba 13 ta gyara shi. Yanzu an manna jadawali a bayan ƙofar ɗaki: mai laccar ƙarfe takwas shi ke da keke, wanda ya hau ranar Juma'a kuma shi zai wanke sarƙa ya duba notin nan.