Kafin Ki Buɗe Tandun Kaka

'Yata, tunda ke da ƙawayenki kun tsayar da shawara cewa kwalliyar zamanin da ce za ku yi ranar lallen maƙwabciyarmu, zauna mu yi magana kafin ki zubar da kuɗin cefanenki a shagunan titin Abbas al-Akkad na nan Alƙahira. Ban hana ki ba. Taron mata ne zalla, a cikin gida, kuma a daren lallen Misirawa amarya kanta tana ta sauya shiga, yanzu ta fito Ba'indiya, an jima ta fito 'yar ƙauyen Sa'id. Ba wanda zai ga baiken shigarki. Abin da nake so ki tantance shi ne, kwalliyar zamanin da ɗin ta su wa? Hotunan da kuke ta tura wa juna iri biyu ne, kuma ba uwarsu ɗaya ba.

Akwai ta 'yan fim ɗin Masar, waɗanda kuke kallo a tashoshin tsofaffin finafinai in kun dawo daga kulliya: Fatin Hamama da sanyin fuskarta, Hind Rustum, Shadiya, da Su'ad Husni mai ido da jela. Tun da Ɗal'at Harb ya kafa Studio Misr a 1935 matan ƙasashen Larabawa suka riƙa ɗaukar darasin kwalliya daga Alƙahira. Sai dai wannan fuska don fitilun ɗaukar hoto aka shirya ta. Hodar nan mai kauri ta Max Factor da ake kira Pan-Cake, wadda ta shiga kasuwa a Amurka a 1938, asalinta don 'yan fim aka haɗa ta. Ga mai gyara a tsaye a gefe, da an ga gumi sai a tsayar da ɗauka a shafe. Ke kuwa falon maƙwabciyarmu a nan unguwar Hayyus Sabi'i za ki shiga, mata sun cika shi maƙil, fanka ɗaya, ana kiɗa ana guɗa. Kafin a fito da tiren lalle fuskarki ta tsattsage. Abu biyu kawai za ki ara a wurinsu, layin ido da jan baki. Sauran ki bar musu.

Ɗayar kuma tamu ce, kuma ita na fi sani, domin a gabana aka yi ta. Kayan kwalliyar mahaifiyata a Kano duka ba su cika ƙaramin kumbo ba. Tandun tozali na fata da ɗan tsinkensa, madubi mai faɗin tafin hannu, man shanu da man kaɗe, kwalbar turare. A wajen 'yan koli na Kasuwar Kurmi ake sayo su, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. In biki ya zo, 'yan mata su nemo katambiri su ɗiga a goshi da kumatu, manyan mata su goga fure a haƙora su bi da goro har bakin ya yi ja, a yi kitson doka a shafe shi da shuni. Lalle kuwa aikin yini ne. A kwaɓa, a lafta, a naɗe ƙafa da ganye da tsumma, a zura hannu a zunguru, mace ta zauna sai dai a ba ta abinci a baki. Duk wannan ba a yinsa sai an fara da jiki: sabulun salo, dutsen goge kaushi, mai, hutu. Fuskar da aka kula da ita mako guda kafin biki, abu kaɗan take nema ranar bikin. Ku yanzu kuna so ku yi aikin mako cikin rabin awa, shi ya sa kuke buƙatar jaka guda ta kaya.

To, ga inda nake so ki buɗe kunne sosai. Tozalin nan da muka tashi da shi, mai ƙyalli in an fasa dutsen, yawancinsa dutsen dalma ne, irin wanda ake haƙowa a kwarin Binuwai, wajen Zurak da Arufu har Abakaliki. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa labarin wani jariri ɗan wata 6 a birnin Boston, iyayensa 'yan Najeriya, wanda aka samu dalma ta hau a jininsa. Da aka bi sawu, sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma da aka auna shi kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba, mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ta tozali ba ta kayar da mutum rana ɗaya. A hankali take taruwa, ta hannun da ya murje ido ya koma baki, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta ratsa daga mai ciki zuwa abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da aka san ba ya cutarwa.

Na san amsar da za ki ba ni, don na ji ta a bakin ɗalibai da yawa: ai sunna ne. Gaskiya ne, hadisi ya zo da kwaɗaitarwa a kan kwallin ismid, ba ni da ja. Amma rubutun da ke jikin kwalba ba shi ne shaidar abin da ke cikinta ba. In kika je wajen masu attara na kasuwar Muski ko bayan masallacin Husaini, kowa zai rantse miki nasa ne na asali, alhali shi kansa sari ya yi, bai auna ba. Wasu kuma za su kawo miki zancen Fir'aunoni. Haka ne, matan wancan zamani da mazansu sun sa baƙin kwalli na dalma da kore na dutsen tagulla, kin dai ga hoton mutum-mutumin Nafartiti da aka tono a Amarna a 1912. Har wasu masana a Faransa sun binciki ragowar kwallin da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre, suka ce a 2010 mai yiwuwa yana taimaka wa ido wajen yaƙar ƙwayoyin cuta. Mutanen da ke fama da ciwon ido lokacin ambaliyar Nilu ba su da kantin magani a ƙasan bene. Ke kina da shi. Tandun kakarki ki wanke shi ki ajiye a kan madubi, ya isa ado. Abin da zai shiga idonki ki saye shi a kantin magani, a rufe, da sunan kamfani da jerin abin da aka haɗa shi da shi. Kuma in Allah Ya ba ki haihuwa, duk tsohuwar da ta miƙo tandu za ta sa wa jaririnki, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ajiye.

Yadda ake jan layin kuwa, ba ƙarfi yake so ba. Zauna, kafa gwiwar hannu a tebur, ki kalli madubi kai tsaye, kada ki ja fatar idon da yatsa, domin in kika saki layin zai karkace. Fara siriri daga wajen hanci, ki bi gindin gashin ido, ki ƙara kauri kaɗan-kaɗan zuwa waje. Jelar ta nufi ƙarshen gira, ta tsaya da wuri. In irin na iyayenmu kike so, babu jela sam, baƙi ne zagaye da ido sama da ƙasa, a ɗan murje gefensa ya yi laushi. Zaɓi ɗaya. Idon Su'ad Husni da ɗigon katambiri ba sa zama a fuska guda, sai ki fito kamar wadda ta zuba miyar kuka a kan kushari.

Gira ki bar ta yadda Allah Ya yi ta. 'Yan fim ɗin farko tsige ta suke yi ta koma zare, kuma ke mai karatu a Azhar ba ni zan tuna miki hadisin Ibnu Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim a kan masu tsige gira ba. Ko ta fuskar ado ma asara ce, gashin da aka daɗe ana tsigewa ba kullum yake dawowa ba. Taje ta, ki cike gurbi da jagira mai ruwan ƙasa mai duhu.

Hoda ita ce ke kunyata 'yan matanmu a garin nan. Yawancin abin da ke kan kantocin Madinatu Nasr don fatar Misirawa aka kawo shi, kuma mai shago ba za ta bar ki ki fita hannu wofi ba, za ta ce wannan zai haska ki. Kada ki gwada a bayan hannu. Shafa a gefen muƙamuƙi, ki fito bakin ƙofa wajen hasken rana ki duba. In ta ɓace a fatarki, taki ce. In ba ki samu ba, ki haƙura da ita gaba ɗaya, ɗan man kaɗe da aka narkar a tafin hannu ya fi miki fuska fara wuya baƙi. Iskar Alƙahira busasshiya ce, ga ƙura, ga sanyin Janairu mai fasa leɓe, saboda haka tun yau ki fara shafa mai da dare. Mayukan da za a ce miki suna fito da haske kafin biki kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Jan baki ki nemi ja mai duhu, ba mai ruwan lemo ba. Shafa, danne da tishu, ki sake shafawa, zai kai ki ƙarshen taro. In ido ya yi nauyi, baki ya sassauta.

Saura lalle. Maƙwabtanmu 'yan Sudan gwanaye ne, zanensu ba shi da na biyu, kuma dilka da turaren jikinsu ni ma ina yabawa. Amma baƙin lallen da ke kamawa cikin ɗan lokaci ya yi baƙi wuluk, sau da yawa rinin gashi ake zuba masa, mai sinadarin PPD. Na ga yarinya a unguwar nan da zanen ya tashi ya zama ƙuraje masu ruwa, fulawar ta zauna mata tabo a hannu har bayan ta gama karatu ta koma gida. Wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ko rinin gashi ta taɓa daga baya yana iya tayar mata. Ki tambayi mai zanen abin da ta haɗa, ba rashin kunya ba ne. Tunda ma na da kike nema, jan lalle ne naki: tafin hannu a rufe, kan yatsu, da tafin ƙafa har gefe. Ki kwaɓa garin da ruwan lemon tsami ko ruwan shayi, ki bar shi ya tsima, ki sa da dare kwana biyu kafin taron, don sai ya kwana yake nuna. Ga shi ba ya hana ruwan alwala isa fata, ba kamar jan farce ba.

Ranar, ki yi sallar isha'i kafin ki zauna gaban madubi, in kin fito kuma ki saki mayafi a fuska har ki shiga ƙofarsu, don matattakalar gidan nan ba ta rabuwa da samari. Zanen saƙi na yana ƙasan akwati, ki fito da shi gobe ki shanya a baranda ya sha iska. Ɗankwalin kada ki taɓa shi, ni zan ɗaura miki ture-ka-ga-tsiya, don na ga yadda kuke yinsa, ba haka ake yi ba.