Wa Ya Taɓa Lissafin Gwaggo?

Mu huɗu ne muke riƙe da lissafin ƙungiyar manoma ta unguwarmu a Rimin Gado. Ba ilimi muka fi kowa ba, manyan wayoyi ne da mu. A da littafi ɗaya ne a hannun Baba ma'aji, har daren da ruwan Agusta ya biyo ta rufin ɗakinsa ya jiƙa rabin sunayen masu bashin taki. Daga nan dattawa suka ce a koma waya.

Ɗayanmu, mai karatun kwamfuta a Jami'ar Bayero da ke nan kan hanyar Gwarzo, shi ya kawo mana Syncthing. Manhaja ce ta kyauta, kuma masu ita sun bar rubutun da aka gina ta da shi a buɗe, kowa na iya dubawa ya gyara. Abin da ka rubuta a wayarka, da zarar wayoyin sun haɗu, sai ta kwafe shi zuwa sauran, ba tare da an kai ajiya wurin wani kamfani ba. Da muka yi wa Baba ma'aji bayani, sai ya ce, "To ai rumbu ke nan. Mai hankali ba ya tara hatsinsa a rumbu ɗaya, saboda gobara da gara."

Bayan kaka, Gwaggo, matar marigayi kawunmu, ta sayar da gyaɗarta ta kawo kuɗin buhu 2 na taki. Da safe ta ba ɗayanmu, ya rubuta a wayarsa. Da yammar ranar wani a cikinmu ya gyara wani suna a takardar guda, a tasa wayar. Da wayoyin suka haɗu, manhajar ta yi abin da aka tsara ta yi: ta ɗauki gyaran da ya zo daga baya, ta ajiye na safen a gefe da alamar an samu saɓani. Mun ga wannan ƙarin takarda. Muka ɗauke ta tarkace, ba wanda ya buɗe.

Ranar taro aka karanto sunan Gwaggo cikin waɗanda ba su biya ba. A dokar ƙungiya, mai bashi ba shi da taki a damina mai zuwa. Ta miƙe ta ce, "Ni dai na biya, Allah ne shaidata." Muka duba waya ta farko, babu. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, babu. Wani dattijo ya ce, "Shaida huɗu fa." Wanda ya karɓi kuɗin kuwa ya tafi cirani, wayarsa tana hannun ƙanensa, kuɗin kuma yana cikin jimlar da ya miƙa wa ma'aji ba sunaye. Kafin magariba an fara raɗa a kansa.

Sai bayan kwana 3 muka buɗe takardar da ke gefe, ga sunanta, ga kuɗinta. Ashe shaidun nan huɗu kuskure ɗaya ne aka kwafa sau huɗu. Muka je gidanta muka durƙusa. Ta yafe, amma ta ce, "Yaran nan, ku da kuka yi boko, in ɗayanku ya taɓa abu ba ya gaya wa ɗan'uwansa?"

Daren nan ɗalibinmu ya nuna mana abin da kullum muke tsallakewa. Duk lokacin da masu manhajar suka fitar da sabon zubi, suna haɗa shi da bayanin abin da aka gyara, da wanda aka ƙara, da wanda aka cire. Da ba mu fara karanta sanarwarsu ba, da ta Oktoban 2024 ta wuce mu, inda suka ce daga Disamba za su daina fitar da ta Android, har muka koma wadda wasu masu sa-kai suka ci gaba da ita. Da zubi na 2.0 ya fito a Agustan 2025 kuwa, sun rubuta cewa an sauya ma'ajiyar bayananta daga LevelDB zuwa SQLite, buɗewar farko na iya ɗaukar lokaci. Wanda bai karanta ba zai zaci ta lalace.

Muka buɗe tamu takardar, muka sa mata suna "Abin da aka sauya". Duk wanda ya taɓa lissafi zai rubuta kwanan wata, da sunansa, da yadda abin yake a da, da yadda ya koma, da dalili. Kowace Juma'a bayan masallaci muna karanta ta da ƙarfi, Baba ma'aji yana kwafewa da ajami a sabon littafinsa.

Aikin yana da gundura, kuma har yanzu mukan yi sakaci. Watan jiya mun yi sati 2 ba a rubuta komai ba, alhali an taɓa lissafin sau da yawa, sai da muka zauna muna tuno wa juna. Gwaggo ba ta fashin taro yanzu. Tana zama daga bayan mata da carbinta, in an gama ta ce, "A sake karanto mini layina." Mu kuma mu karanto.