Direban Kwamfuta da Ƙugiyar Baƙaƙenmu

Masu gyaran kwamfuta suna kiransa direba, amma aikinsa ya fi kama da na tafinta. Ƙaramar manhaja ce da ke shiga tsakanin tsarin aikin kwamfuta da duk na'urar da aka jona mata, firinta ce ko rakoda ko allon madannai. Sau da yawa akan loda shi kwamfuta tana kunne, ba sai an kashe ta ba. Mu manazarta Hausa mun bar wa masu gyara wannan sha'ani, alhali ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ta rataya a kansa.

Fon ɗin Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar ya fitar da mu kunya shekaru masu yawa, amma dabararsa sauya kamannin wasu alamomi ce kawai. A cikin kwamfuta ƙ tana nan a matsayin }, shi ya sa kundin da aka buɗe inda babu fon ɗin yakan ce }asa da ]aya. Unicode kuwa ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin, kuma tun Windows 7 ta 2009 akwai tsarin madannan Hausa, fayil mai suna KBDHAU.DLL, wanda saita shi bai kai shan shayi ba. Abin mamaki, har yau ana karɓar kundaye da tsohuwar hanya.

A yankin Tafoki, inda na tattara tatsuniyoyi, lamarin ya fi haka tsanani. Windows takan nemo direban da ba ta da shi ta intanet, wato masu ƙira sun ɗauka sabis yana ko'ina. A Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Firintar da zan buga takardun neman izinin masu ba da bayani ta zama kwalin banza, sai da wani ɗan'uwa ya kawo mini direbanta a filashi daga birnin Katsina.

Ina ganin darasin dabarun bincike a sassanmu ya kamata ya ware wa wannan ko da awa ɗaya. Kafin ɗalibi ya fita fili, ya jona kowace na'ura yana inda ake da sabis, ya adana direbobinta a filashi, ya saita madannan Hausa, sannan ya buɗe abin da ya rubuta a kwamfutar wani ya ga ko ƙugiyoyin sun tsira.