Kwana Huɗu A Zangon Ankara

'Yan'uwa mata, idan kun ji tsohuwa ta ce ɗanta ya tafi Ankara neman kuɗi, kada ku ɗauka ƙasar Turkiyya take nufi. Haka mutanen da suke kiran Akra, babban birnin Gana, wanda ke zaune a bakin teku. Can aure ya kai ƙawata ta firamare, wadda muka raba benci ɗaya da alli ɗaya, kuma can na bi ta bayan shekara goma sha biyu rabonmu.

A unguwar Nima take. Lunguna ne matsattsu, gida a jikin gida, ga kwata tana bi ta tsakiya, amma ko'ina kika juya Hausa ce ke tashi. Sai dai Hausarsu daban, don ba ruwansu da bambanta mace da namiji. Ina shiga gidan 'yarta ta ruga da gudu tana cewa, "Mama, Anti ya zo!" Na dubi uwar na ce, "Ke ƙawata, yaushe na zama namiji?" Muka yi dariya har da ƙwalla, daga nan kuma dariyar ta koma kuka na gaske, domin mahaifiyarta ta rasu tana nan, sai a waya ta ji.

Da safe aka kawo koko da ƙosai, wanda duk garin ke kira "Hausa koko". Da rana kuwa wake da shinkafa ne da suke ce wa "waakye", ana dafa shi da karan dafi ya yi ja, a zuba masa wani baƙin yaji mai suna shito. Wallahi ya fi garau-garau ɗinmu ado, amma manja da yajin gida ba su da na biyu.

Washegari muka hau turoturo, wato bas ɗinsu ta haya, muka nufi Sabon Zango. Malam Baƙo ne ya kafa unguwar wajen 1910, a filin da sarakunan Ga, masu garin, suka ba shi. Ƙawata ta ce dattawan nan har yau ba su manta da 1969 ba, shekarar da gwamnatin Busia ta kori baƙin da ba su da takardu, aka raba mata da miji, aka bar gidaje da kaya a ciki. Shi ya sa, in ji ta, takardun haihuwar 'ya'yanta suna ƙasan akwati tare da zinarinta.

Daga nan sai James Town, tsohuwar unguwar masunta. Nan na fara ganin teku da idona, ruwa iya ganinki, yana ta tumbatsa yana ruri. Ranar Talata ce, ranar da al'adarsu ta hana fita kamun kifi, don haka kwale-kwale duk suna kan yashi, maza na ɗinkin koma, mata na banda kifi. Ga doguwar hasumiya mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa, kusa da ita kuma ganuwar da Turawan Ingila suka gina a 1673, inda aka tsare bayi, aka kuma ɗaure Kwame Nkrumah kafin a sake shi a 1951.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a kasuwar Makola na gan shi. 'Yan mata ne sa'anninku, wasu ba su kai sha biyar ba, kowacce da ƙaton kwano a ka, wata ma da goyo, suna bin masu sayayya suna neman dako. Sunansu "kayaye", rabin kalmar namu ne, wato kaya, rabin kuma na Ga. Yawancinsu daga arewacin Gana suka gangaro, wasu don tara kuɗin kayan ɗaki, kuma da yawa a bakin shaguna suke kwana.

Ƙawata ta kira wata ta ɗaukar mana doya da atamfofin da na saya. Na tambaye ta ko tana makaranta, ta amsa da gurguwar Hausa cewa a aji biyar ta bari. Da muka isa tasha ƙawata ta ninka mata kuɗin, ta kwatanta mata gidanta a Nima, ta ce idan dare ya yi mata ta zo, akwai tabarma a ɗakin yara. Yarinyar ta ɗaure kuɗin a bakin zane, ta kife kwanonta a ka, ta koma cikin kasuwa.